Yadda Za Ka Zaɓi Ƙaramin Injin Fatsa Mai Araha Kuma Mara Nauyi

Duk lokacin da na zauna a bakin dam da siririyar sandata ina ciro karfasa, ba na rasa wanda zai matso ya duƙa kusa da ni ya ce, "Malam, wannan ɗan injin da ke naɗe maka zare, wane iri ake saye, kuma nawa ne?" Wasu ma sai bayan sun saya sun yi asara suke kawo mini shi in duba. Tambayar ta yi yawa, shi ya sa na zauna na rubuta amsar daki-daki.

Fatsar da nake magana a kanta ita ce ta siririn zare da sanda mai laushi, wadda ake jefa ƙaramin koto da ita, mai nauyin giram 1 zuwa 7. A jikin irin wannan sanda za ka ga an rubuta UL, wato mara nauyi sosai. Injin kuwa shi ne wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa na fuskantar gaba. Ga sunayen sassansa kamar yadda zan riƙa kiransu: kwarkwaro shi ne inda zare ke naɗuwa; baka ita ce lanƙwasasshiyar wayar da ake ɗagawa kafin jifa; ɗan gargare shi ne ƙaramin ƙarfen da ke juyawa a gefen bakar, wanda zare ke bi ta kansa; birki shi ne murfin da ake murɗawa a saman kwarkwaro; sai hannu, sai ƙafar da ke shiga mazauninta a jikin sanda.

1. Fara da kifi da zare, kada ka fara da inji

Kafin ka taya kowane inji, ka san abin da za ka kama da kuma ruwan da za ka je. Wannan fatsa ta karfasa ce, da kawara, da kurungu, da ƙananan tarwaɗa, da 'ya'yan tsage, wato kifin da bai cika wuce kilo ɗaya ba. Su ne ake samu a gefen ciyawa da tsakanin duwatsu a dam-dam irin su Tiga, Challawa, Goronyo da Shiroro, da kuma gulaben da ruwansu ba ya gudu sosai.

Kifin ne zai gaya maka zare. Ga irin waɗannan, lailon mai ƙarfin fam 4 (kusan kilo 1.8) ya isa a fili, kaurinsa kuma yana tsakanin milimita 0.18 da 0.20. Inda akwai ciyawa ko busassun itatuwa a ƙarƙashin ruwa, ka hau zuwa fam 6 (kusan kilo 2.7), mai kaurin milimita 0.22 zuwa 0.25. Rubuta kaurin zaren da ka zaɓa a takarda, da shi za ka auna duk injin da aka miƙo maka.

*Hattara:* idan giwan ruwa kake nema ko manyan ragon ruwa, ajiye wannan jagora. Ƙaramin inji ba nasu ba ne. Za su zare maka zaren kakaf, su tafi da ƙugiya a baki, kai ka yi asara, kifin kuma ya wahala a banza.

2. Zaɓi girma: 500, 1000 ko 2000

Kamfanoni suna nuna girman inji da lamba. Ƙananan su ne 500, 1000 da 2000. Wasu kamfanonin suna taƙaita lambar, ka ga 10 ko 20, kamar Okuma da Pflueger. Lambar wani kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wani ba, saboda haka kada ka tsaya a kanta kaɗai. Juya kwarkwaron ka karanta rubutun da ke jikinsa, inda aka faɗi mita nawa yake ɗauka na kowane kauri. Injin Shimano mai lamba 1000, alal misali, yakan ɗauki mita 170 na zare 0.18, ko mita 140 na 0.20, ko mita 90 na 0.25. Duk injin da lissafinsa ya yi kusa da wannan, girmansu ɗaya ko da lambarsu ta bambanta.

Ni 1000 nake ba wa mai farawa shawara. Mai lamba 500 yana da ban sha'awa a hannu, amma kwarkwaronsa ya cika ƙanƙanta: lailon yana naɗuwa a kansa a matse, ya riƙe lanƙwasar, ya fito yana murɗe-murɗe, jifa ya gajarta, zare ya riƙa cukurkuɗewa. Mai lamba 2000 kuwa yana da amfani idan sandarka ta kai mita 2 ko ta ɗan wuce, ko kana jifa mai nisa daga gaɓar dam mai faɗi, ko kuma ruwan da kake zuwa ba a rasa tarwaɗa mai ɗan girma da kan faɗo wa koton karfasa. A ruwanmu hakan na faruwa sosai, domin tarwaɗa ba ta raina abinci.

Za ka ga haruffa a gaba ko a bayan lambar. A injinan Shimano da Daiwa, S na nufin kwarkwaro mara zurfi, C na nufin an ɗora kwarkwaro mai faɗi a kan ƙaramin jiki. D a wurin Daiwa kwarkwaro mai zurfi ne. Inji irin C2000S ke nan jikin ƙarami gare shi, bakin kwarkwaronsa ya fi faɗi, zurfinsa kaɗan. Idan ka samu irinsa a farashin da za ka iya, ya dace da wannan fatsa ƙwarai.

3. Nauyi, da yadda ya zauna a kan sanda

Masu araha a girman 1000 yawancinsu suna tsakanin giram 170 da 220. Masu tsada, waɗanda aka yi jikinsu da haɗin kabon ko magniziyam, suna saukowa zuwa wajen giram 150, amma kuɗinsu ya ninka sau huɗu ko biyar. Bambancin giram 30 bai kai a zubar da wannan kuɗin ba ga mai fita sau ɗaya a mako. Nemi wanda bai wuce giram 200 ba in ya samu. In ya kai 220 kuma sauran abubuwansa sun yi, ɗauke shi.

Abin da ya fi lambar sikeli muhimmanci shi ne yadda inji ya zauna a kan sandarka. Tafi da sandar wurin saye. Ɗaura injin, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya, ka nemi inda ta tsaya cak ba ta rinjaya ba. Idan wurin ya faɗo daidai gaban ƙafar injin, inda manuniyarka ke zama lokacin riƙo, sun dace da juna. Idan kan sandar ke rinjaya ƙasa, wuyan hannunka zai gaji kafin azahar duk da cewa injin ba shi da nauyi. A irin wannan hali inji mai ɗan nauyi ya fi daɗin riƙewa.

Jikin masu araha na haɗin roba da girafayit ne. Kada wannan ya dame ka. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma siririn zare zai tsinke tun kafin ya ja jikin har ya lanƙwasa. Kwarkwaron dai ya zama na alminiyam.

*Hattara:* kada ka yarda da nauyin da wani mai sayarwa ya rubuta da kansa a tallarsa. Duba lambar samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ko ka ɗora shi a sikelin kicin.

4. Birki: a nan za ka daɗe

Idan ka manta da duk abin da ke cikin wannan rubutu, riƙe wannan matakin. Zaren da ke tsinkewa a kilo 1.8 ba shi ke riƙe kifi ba, birki ne. Aikinsa shi ne ya saki zare a hankali duk lokacin da kifi ya fizga da ƙarfin da ya kusa fin ƙarfin zaren, sannan ya ci gaba da riƙewa ba tare da ya sake gaba ɗaya ba. Kifi ya ja, ya gaji, ka naɗo shi, ya sake ja, har ya miƙa wuya.

A kwali za a rubuta maka iyakar ƙarfin birkin, kilo 3 ko 4 ko 5. Wasu masu araha ma har kilo 8 ko 10 suke iƙirari. Wannan lamba ba ta da wani amfani a gare ka, domin ba za ka taɓa ɗaure birki fiye da kilo ɗaya ba. Abin da kake nema biyu ne: ya fara sakin zare ba tare da cijewa ba, kuma ya ci gaba da saki sumul ba tsalle-tsalle.

Cijewar farko ita ke tsinke zare. Birki mara kyau yakan manne, sai an ja shi da ƙarfin da ya wuce inda aka saita shi kafin ya motsa, sannan ya saki gaba ɗaya, ya sake mannewa. Na koyi wannan da asara. Injina na farko na saye shi a intanet saboda ƙyalƙyalinsa da dogon jerin lambobin da ke kwalinsa. Wata safiya tarwaɗa da ba za ta gaza kilo ɗaya da rabi ba ta ɗauki tanar da na sa wa karfasa. Na kawo ta har na ga gashin bakinta, ta juya ta fizga sau ɗaya, birkin ya cije, zaren ya ce tas. Na dawo gida na ja zaren da hannu, sai na ji yadda yake fita yana kakkaɓewa kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Da na yi wannan gwajin tun ranar da injin ya iso, da ban fita da shi ba.

Ga yadda ake gwajin. Tafi da guntun lailon kamar mita 3 a aljihu. Ɗaura shi a kwarkwaron, ka naɗa, ka rufe baka, ka ɗaure birki kaɗan. Ja zaren a hankali da hannu, kamar mai zare tsinke daga tsintsiya. Ya kamata ya fito bai ɗaya, ƙarar birkin na tafiya daidai-wa-daida. Sai ka tsaya, ka ƙirga zuwa goma, ka fizga ba zato. Idan ka ji ya riƙe kafin ya saki, ajiye shi. Daga nan ka murɗa murfin birkin ƙas ɗaya, ƙas biyu, kana ja bayan kowane murɗi. Mai kyau yana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, ka yi zagaye biyu ko uku kafin ya kulle. Mara kyau daga sako-sako sai kullewa cikin rabin zagaye, babu tsakiya.

Faifan da ke cikin birki iri biyu ne: na matsattsen ulu mai ɗan mai a jiki, da na kabon. Masu talla suna kambama na kabon, kuma gaskiya ya fi jure zafi da jan manyan kifi. Amma ga siririn zare, faifan ulu yana da laushin farawa, kuma shi ke cikin yawancin ƙananan injinan manyan kamfanoni. Kada ka ƙara kuɗi don kabon kawai.

Zaɓi mai birki a gaba, a saman kwarkwaro. Mai birki a baya ya fi nauyi, faifansa kuma ƙanana ne.

5. Kwarkwaro, baka da ɗan gargare

Shafa yatsa a leɓen kwarkwaron, zagaye guda. Ya zama sumul kamar bakin kofin gilashi. Duk wani ɗan kaushi ko lotsawa a nan zai riƙa kankare zare a kowane jifa, kai kuma ba za ka sani ba sai ranar da ya tsinke a kan kifi.

Ɗaga baka ka mayar sau goma. Ta tsaya daram idan an ɗaga ta, ta koma da ƙara mai ƙarfi idan an rufe. Bakar da ke faɗowa da kanta a tsakiyar jifa tana tsinke zare, kotonka ya tafi tsakiyar ruwa shi kaɗai. Sannan ka taɓa ɗan gargare da tsinken ashana ko farce, ka ga ko yana juyawa. Idan ya ƙi, zare zai riƙa gogarsa maimakon ya bi ta kansa, ya murɗe, ya yi zafi, ya raunana. Duba kuma kada a sami ɗan rami tsakaninsa da bakar, inda zare 0.18 zai iya shigewa ya maƙale.

Idan akwai zare a kan injin, kalle shi ta gefe. Naɗin ya kwanta daidai daga sama har ƙasa, ko ya ɗan fi faɗi kaɗan a sama. Naɗin da ya taru a ƙasa, ko ya yi tudu da kwari, shi ke kawo zare ya zubo dunƙule ɗaya lokacin jifa. Wasu injinan suna zuwa da 'yan siraran zobba, wato wasa, a cikin leda. Kada ka zubar da su, na gyaran wannan matsala ne: ana ƙara ɗaya ko a cire ɗaya a ƙarƙashin kwarkwaro har naɗin ya daidaita.

6. Giya da boris

Lambar da ke kama da 5.0:1 ko 5.2:1 tana nufin sau nawa baka ke zagaya kwarkwaro idan ka juya hannu sau ɗaya. A inji mai lamba 1000, wannan yana naɗo kamar santimita 60 zuwa 65 na zare. Ya isa. Ƙaramin koto a hankali ake jansa. Masu sauri, daga wajen 6.0:1 zuwa sama, waɗanda Shimano ke sa wa HG ko XG, Daiwa kuma H ko XH, sun fi amfani a ruwa mai gudu, kuma sun fi nauyin juyawa a farko.

Boris kuwa, wato zobban nan masu 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke sa sassa juyawa sumul, shi ne inda aka fi yaudarar mutane. Za ka ga inji mara suna an buga masa 13+1 ko 14+1, kuɗinsa bai kai na lailon mai kyau ba. Shimano Sienna boris 3+1 gare shi, amma ya fi irin waɗancan santsi da daɗewa nesa ba kusa ba. Boris huɗu ko biyar masu inganci a wuraren da suka dace sun isa. Abin da ke sa inji santsi shi ne yadda aka yanka haƙoran giyarsa da yadda suka haɗu da juna. Wannan "+1" da ke ƙarshe shi ne wanda ke hana hannu komawa baya. Gwada shi: juya gaba, ka tsaya, ka tura baya. Kada ya motsa ko kaɗan.

7. Kuɗi

Zan faɗi farashi da dala domin kayan daga waje suke zuwa, canji kuma ba ya zama wuri ɗaya. Lissafa da farashin ranar da za ka saya, ka ɗora kuɗin dako da na kwastan idan odarsa za ka yi.

Ƙasa da dala 20, yawanci marasa suna ne. Wani ya yi maka damina ɗaya, wani ya lalace a fita ta uku. Araha ba ta ado. Idan wannan ne ƙarfinka, saya a inda za ka riƙe shi a hannu ka yi gwajin birki.

Daga dala 30 zuwa 40 ake fara samun na kirki, irin su Shimano Sienna da Daiwa Crossfire. Suna da ɗan nauyi a cikin sa'o'insu, amma birkinsu na gaskiya ne. Shimano ɗin nan dai shi ne kamfanin Japan da masu keke suka sani a giya da birki.

Daga dala 50 zuwa 80 akwai Okuma Ceymar, Daiwa Revros LT, Pflueger President, Daiwa Legalis LT da Shimano Sedona. A ganina nan ne kuɗi ya fi biyan kansa: nauyi ya ragu, naɗi ya gyaru, santsi ya ƙaru. Abin da ya wuce dala 100 kuma marmari ne, ba larura ba.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a inji. Raba shi biyar: kashi biyu ga inji, biyu ga sanda, ɗaya ga zare da ƙugiyoyi da dalma. Inji mai tsada da ruɓaɓɓen lailon bai kai mai araha da zare mai kyau ba.

*Hattara:* jabun manyan sunaye sun cika kasuwa. Idan ka ga injin dala 70 ana sayar da shi sabo a 15, ba shi ba ne. Amma ganin an rubuta Malesiya a ƙafar Shimano, ko Biyetnam ko Sin a ta Daiwa, ba alamar jabu ba ce, domin kamfanonin suna da masana'antu a can. Abin dubawa shi ne lambar samfurin, da takardar zanen sassa da ke cikin kwali, da tsabtar rubutun da ke jikin injin.

8. Gwaji na ƙarshe kafin ka biya

Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yi haƙuri a buɗe mini shi in juya." Wanda ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba. Juya hannun a hankali sosai, kusa da kunnenka. Da sauri kowane inji santsi gare shi, a hankali ne ake jin gurzar giya da wurin da yake cijewa. Riƙe kwarkwaro ka girgiza shi sama da ƙasa, riƙe hannu ka girgiza shi ciki da waje. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, ƙwas-ƙwas mai yawa alamar sassan ba su zauna ba.

Duba yadda hannun ya shiga. A masu araha, ƙarfen hannun yana ratsa jikin injin, a ɗaure shi da murfi ta ɗaya gefen. Wannan murfin yana kwancewa da kansa, kuma in ya faɗa ruwa samun wani aiki ne. Ka saba da ɗaure shi kafin kowace fita. Ta nan ne kuma ake mayar da hannun dama ko hagu.

Idan na gwanjo ne, cire kwarkwaron ka kalli sandar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tana shiga tana fita. Idan ta lanƙwashe, kwarkwaron zai riƙa rawa yana goga, kuma wannan ba ya gyaruwa da sauƙi. Nemi farin gari ko kumburin fenti a jikin kusoshi, alamar an yi aiki da shi a ruwan gishiri ke nan. Tsohon injin babban kamfani mai lafiya ya fi sabon mara suna.

Idan ta intanet ka saya, yi duk waɗannan gwaje-gwaje a ranar da ya iso, kafin wa'adin mayarwa ya wuce, kuma kada ka yar da kwalin.

9. Ɗora zare

Mutane da yawa suna zagin inji alhali ɗora zaren ne bai yi ba. Ɗaura injin a sanda, ka zura zaren ta zoben farko, ka ɗaga baka, sannan ka ƙulla shi a kwarkwaro ka rufe bakar. Ajiye faifan zaren a ƙasa, fuskar da ke da takarda tana kallon sama. Matse zaren da jiƙaƙƙen ƙyalle a ɗaya hannun, ka juya kamar sau 15, ka tsaya, ka sassauta zaren ka gani. Idan ya murɗe ya naɗe kansa, kifa faifan ka ci gaba. Idan ya rataya miƙe, ci gaba a haka.

Tsaya idan saura kamar milimita 2 zaren ya kai leɓen kwarkwaro. In ya cika har baki, zai zubo dunƙule. In ya yi ƙasa sosai, zai riƙa gogar leɓe, jifa ya ƙi nisa. Bayan ka gama, tsoma kwarkwaron shi kaɗai a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, na 'yan mintoci, lailon ya kwanta.

Idan saƙaƙƙen zare za ka sa, nemi mai lamba PE 0.4 zuwa 0.6 (PE ita ce lambar da ke nuna kaurin irin wannan zare). Yana da santsi, don haka ka fara shimfiɗa lailon kamar mita 10 a ƙasa, ka ƙulla shi a kai, in ba haka ba duk naɗin zai riƙa zamewa a kan kwarkwaro kamar birki ya lalace. A bakinsa kuma ka ƙulla lailon ko fulorokabon (wani zare mai kama da lailon) kamar mita ɗaya. Inda tsage ta yi yawa, haƙoranta na yanke wannan ma, sai ka ƙara siririyar waya ɗan taƙi kaɗan. Ga mai farawa dai lailon ya fi sauƙi da araha, kuma yana miƙewa ya rufa wa kuskuren hannu asiri.

*Hattara:* kada ka riƙa juya hannu alhali kifi na jan zare birki na kuka. Duk juyi ɗaya murɗi ne kake zuba wa zaren. Jira ya tsaya. Bayan jifa kuma rufe baka da hannunka, ka ɗan ja zaren ya zauna a kan ɗan gargare, sannan ka fara naɗi.

10. Saita birki da fiya wata

Ana saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Ga zaren kilo 1.8, wannan giram 450 zuwa 600 ke nan. Ba ka buƙatar sikeli: ledar fiya wata mai santilita 50 rabin kilo ce. Sa ta a leda mai hannu, ka ƙulla zaren, ka riƙe injin ka ɗaga a hankali. Saita birkin har ya zamana yana fara sakin zare daidai lokacin da ledar ke barin ƙasa. Ga zaren kilo 2.7, yi da robar ruwa mai santilita 75. Idan ka gama, ja zaren da hannu sau da yawa, hannunka ya haddace wannan ƙarfin, domin a bakin ruwa da hannu za ka riƙa dubawa.

*Hattara:* kada ka ɗaga ledar da kan sanda kana miƙar da ita sama. Sandar UL tana karyewa a haka. Yi gwajin daga inji kai tsaye. Tunda zobban sanda suna ƙara ɗan riƙo idan ta lanƙwasa, sassauta birkin ƙas ɗaya bayan ka ɗaura injin a sanda.

11. Kula da shi

Ƙura da yashi su ne abokan gabar inji a ƙasarmu, musamman da hunturu. Kada ka ajiye shi a kan yashin gaɓa, kafa reshe mai baki biyu ka jingina sandar. Idan ka dawo gida, ɗaure birki, ka goge injin da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka bar shi ya bushe a inuwa, sannan ka kwance birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye. Faifan ulu da aka bari a matse yana shafewa, daga nan cijewa ke farawa. Kada ka tsoma injin cikin ruwa, kada ka fesa masa ruwa mai ƙarfi. Tsohuwar safa mai tsabta ta isa ta zama rigarsa.

Bayan fita huɗu ko biyar, ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a ɗan gargare, ɗaya a mariƙin hannu, ɗaya a kowace gaɓar baka, ɗaya a sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin kwarkwaro. Kada ka sa baƙin mai, kada ka wanke shi da fetur. Giyar ciki giris mara kauri take so, sau ɗaya a shekara, kuma idan za ka buɗe jikin, shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗauki hoton kowane mataki da waya, ka jera sassan bi da bi yadda ka cire su.

Rana da zafi suna cin lailon. Kada ka bar inji a cikin motar da ke tsaye a rana. Kafin kowace fita, zare mita 2 ko 3 na farko ta tsakanin yatsunka, in ka ji kaushi ka yanke. Mai fita duk mako ya sauya zaren gaba ɗaya sau biyu a shekara, a farkon damina da kuma bayan sanyi ya wuce.